Aljanar Tsamiya da Hannun Habsu

Ni ban taso ina ƙaunar tatsuniyar Iya ba, gara in faɗa tun da wuri. Wasu in suna tuna kakanninsu har lumshe ido suke yi, su ce tsohuwa mai haƙuri, mai ɓoye musu ƙuli-ƙuli a bakin zane. Tamu ba haka take ba. Iya ita ta haifi babanmu, sunanta na yanka Habsatu, 'yar gajeruwa ce mai kaifin harshe, kuma ban taɓa jin ta yi tatsuniya don wani ya ji daɗi ba. Duk ranar da ta ce a haɗa wuta a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo, to akwai wanda ya ɓata mata rai da rana, kuma a gaban kowa za ta gasa shi.

Ƙauyenmu yana can bayan Baudeta. In sanyi ya shigo, an ɗaure hatsi an kai rumbu, Fulani sukan sauka a gonakinmu da shanunsu su bar mana taki. Mu yara sai mu bi bayansu da kwando muna tsintar busasshen kashin shanu a ɓoye, don in Baba ya gani cewa yake muna sace masa gona. Shi muke haɗawa da kara mu hura wa Iya wuta. Ita kuwa ta zauna bisa buzunta, ta miƙe ƙafafu, tana tura gujiya cikin toka da ɗan tsinke. In ta gasu ta ɓare ta ci abinta da sauran haƙoranta. Mu hayaƙi ne rabonmu. Duk da haka ba wanda ke fashin zuwa, don ba mai son a yi da shi ba ya nan.

Tatsuniyar da ta fi zauna mini a rai, saboda yayana Sale aka yi ta. Shi nake bi. A lokacin muna da akuya guda mai shayarwa, nononta ba ya wuce 'yar moɗa. Mahaifiyarmu, Inna, mace ce mai tausayi har ya yi mata yawa, sai ta kafa doka cewa nonon na marar lafiya ne. Ba a yi nisa ba Sale ya zama marar lafiyar gidan. Ni na gan shi da idona: ya je bayan rumbu ya kwanta a rana har jikinsa ya ɗau zafi, ya shafa toka a leɓe, ya dawo yana jan ƙafa yana nishi. Inna ta taɓa goshinsa ta yi salati, ta miƙa masa moɗa. Ni kuwa Allah ya yi ni da jiki kamar turmi, ko mura ba ta kama ni. Ban da rashin nono, har tulun da shi ya kamata ya ɗauko daga rijiya ni ake ɗora wa. Wallahi akwai ranar da na zauna na yi kuka don na ƙi yin ciwo.

Iya tana kallon duk wannan, har ranar da ta ce a haɗa wuta. Muka zauna, Sale ya lulluɓa da zanen Inna yana 'yar rawar sanyinsa ta ƙarya. Iya ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ga ta nan tahe, mai laihi shi gyara zama."

Muka ce, "Ta iso, mu ji ta."

Wai an yi wani gari da fari ya kama. A bayan garin akwai wata tsohuwar tsamiya, cikinta akwai aljana mai shanun da ido ba ya gani. Wata rana wata mata da mijinta ya mutu ta fita neman ganye, ta gaji, ta zauna a gindin tsamiyar, ɗan da ke bayanta yana tsala ihu saboda yunwa. Aljana ta ji tausayi, ta sauko mata da ƙwarya cike da nono. Matar ta ba ɗanta, ta sha, ta kai saura gida. Bakinta kuma bai riƙe maganar ba. Kashegari gari kaf ya taru a gindin tsamiya, kowa da ɗansa a hannu.

Aljana ta duba ta ga shanunta ba za su ishi wannan taro ba. Sai ta ce, wanda ɗansa ya fi kuka shi ya fi jin yunwa, shi za ta ba. Nan Iya ta tsaya ta ɓare gujiya, ta bar mu muna jira. "To, mi kuke tsammani?" in ji ta. "Sai mintsini ya yi kasuwa. Uwa ta kai hannu ƙarƙashin zane ta murɗe cinyar ɗanta. Wata har tonka, barkonon nan mai yaji, ta shafa wa nata a ido." 'Ya'yan masu ɗan abin hannu, waɗanda suka ci suka ƙoshi, su ke da ƙarfin ihu, su suka dinga kwashe nono. Waɗanda yunwa ta cinye har ba su iya buɗe baki, a mai da su gida hannu wofi.

Da aljana ta gane an yi mata wayo sai ta fusata, ta sake doka. Ta zare awarwaro daga hannunta ta jefo ƙasa, ta ce daga yau ba ruwanta da kuka; duk yaron da awarwaron nan ya shige hannunsa har kafaɗa, shi ke da ƙwarya. A garin akwai wani mutum mai ɗiya guda, 'yar ɓul-ɓul, awarwaron ko wuyan hannunta bai wuce ba. Kullum ya koma gida yana kallon maƙwabta suna lasar leɓe. Sai ya fara rage mata abinci. Awarwaro ya wuce wuyan hannu. Ya ƙara ragewa, ya kai gwiwar hannu, mutumin nan har murna yake yana nuna wa matarsa. Ranar da awarwaron ya kai kafaɗa, aljana ta sauko masa da ƙwaryar da ta fi kowace girma. Ya juya ya kai bakin ƙwaryar bakin ɗiyarsa don ta fara kurɓa, nonon ya bi gefen bakinta ya zube a ƙasa. Ta riga ta cika.

Sale ne ya leƙo daga cikin zane ya ce, "Iya, shi uban ya sha?"

"Ya sha mana," in ji Iya. "Ba yunwa yake ji ba? Ƙurungus, ta ƙare, wanda ta taka shi ya sani."

Sai ta tambaye mu, wa ke da laifi? Ni da nake cike da haushin moɗar nono na yi caraf na ce uban. Iya ta yi tsaki. "Shi uban ai kare ne, wannan ba sai an tambaya ba. Amma wa ya nuna wa karen hanya? Aljanar banza, mai tausayin da babu hankali cikinsa! Da ni ce ita, cikin rijiyar garin zan juye nonon, mai ƙiba shi sha, ramamme shi sha, in ga wanda zai mintsini ɗansa." Wannan ta ƙarshen ɗaga murya ta yi, tana fuskantar dangar da ke tsakaninta da ɗakin Inna. Inna ba ta tanka ba, suruka ba ta tanka wa uwar miji, amma mun ji an dire kwano da ƙarfi.

Da safe Inna ta tatsi akuya ta juye nonon cikin tukunyar kunu, kowa ya sha. Sale ya warke a ranar, har tsere ya yi da jaki. Ya same ni a hanyar rijiya ya murɗe mini kunne, wai ni na kai shi ƙara, alhali ko uffan ban ce ba. Abin da ya fi ƙona masa rai, in ji shi, nonon ya ɓace cikin kunu, ba wanda ya ji ko ɗanɗanonsa. Wannan kam gaskiya ya faɗa, ni ma ban ji ba.

Iya ta rasu ina budurwa. Aka yi mini aure a Tasawa, na koyi ɗinki, na kafa kekena a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa. Sale ya gaji gonar Baba ya zauna ƙauye da matarsa Rabi da tarin 'ya'ya. Cikinsu akwai wadda aka sa wa sunan Iya, muna ce mata Habsu, da ƙaramin wanta, Ali. Duk Sallah ni ke ɗinka wa yaran kaya. Ba na zuwa in gwada su kowace shekara. Gwajin bara nake ɗauka in ƙara yatsa biyu, don yaro gaba yake yi.

Sai aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke hatsi na tsakiyar fitar da kai. Kafin bazara rumbuna sun koma wurin kwanan kaji, mata na jiƙa 'ya'yan anza na daji suna zubar da ruwan ɗacin don a samu abin sa wa a baki. Maza da yawa sun tafi bida, wato ci-rani, wasu Najeriya, wasu arewa. A nan ne mutanen wani poroje, wato ƙungiyar agaji, suka fara zuwa da farar motarsu duk mako, suna awon yara. Su rataya yaro a kilo su auna nauyinsa, sannan su naɗa masa wani ɗan maɗauri a dantse mai launi uku: tsanwa, ruwan ɗorawa da ja. Wanda hannunsa ya faɗa ja, a ba shi abin da mutane ke kira biskit, wato wani tunkuzan gyaɗa da madara cikin 'yan ledoji, a kuma haɗa wa uwarsa da gari da wake da mai ta kai gida. Wanda ya faɗa tsanwa, a ce wa uwar, "Madalla, ɗanki lafiya lau, ki koma gida." Na san za a ce na ƙara gishiri don labari ya yi daɗi. Wallahi awarwaro Iya ta ce, kuma ta mutu ba ta taɓa ganin maɗaurin nan ba.

Duk wannan a bakin masu kawo mini ɗinki nake ji, ban ɗauke shi a bakin komi ba, sai da na kai kayan Sallah ƙauye. Na tara yaran ina sa musu. Ali ya shiga tasa, ta kama shi cif, har na yi masa tsiya na ce wannan shi ke cinye tuwon gidan. Da na zo kan Habsu, rigar da na ɗinka mata sai ta zubo daga kafaɗarta. Yarinyar da aka yaye tun bara, da take bin kaji da gudu, ga ta zaune ba ta ko iya korar ƙuda daga idonta. Gashinta ya yi ja ya kwanta. Na kama dantsenta, yatsuna biyu suka zagaye shi har da saura.

Na ce, "Rabi, wannan ba a kai ta awo ba?"

Ta ce, "Ana kai ta. Tana cikin ja. Ana ba mu." Ba ta ɗago kai ba.

"Ana ba ku, ita kuma tana ƙarewa? Ina biskit ɗin?"

Amma ai na riga na gan shi. Da zan shigo gari na wuce mai tebur a bakin masallaci, ledojin biskit ɗin na jere kusa da sukari da ashana ana sayarwa. Na kwana da abin a raina. Da hantsi, ana gobe ranar awo, na zagaya bayan ɗaki na tarar da Rabi ta danne Habsu a cinya tana ɗura mata wani ruwa daga moɗa. Warin kawai na ji na gane. Filasko ne, ganyen da babba ma in ya sha sai ya wuni yana zagayawa. Na buge moɗar ta yi sama.

Rabi ta fashe da kuka. Ta ce wancan makon hannun yarinyar ya fara taɓa ɗorawa, mai awon ya ce in ta ci gaba haka an kusa sallamarta. Malam ne ya ce a ɗan ba ta, kaɗan kawai, don kada a cire su. Malam, wato Sale.

Na same shi a zaure yana gyaran igiya. Ban yi masa sallama ba. Na ce, "Yaya Sale, ashe kai ne mutumin nan na tatsuniyar Iya? Tir! Allah wadai! Ɗiyarka ta cikinka, mai sunan uwar ubanka!"

Bai ko razana ba. Ya ce, "Tsahara, rage murya, nan ba kasuwar Tasawa ba ce. Kin zo da ƙoshinki kina zagin mutane. Leƙa rumbun can ki gaya mini abin da kika gani. Na sa an kai Ali awo, suka tafa mana suka ce mu koma gida, yaro lafiya lau. To lafiya ake dafawa? Dubi bakunan da ke gidan ga. Duk abin da suka ci tun watan jiya, hannun yarinyar nan ya kawo shi. Ni na yi maɗaurin? Ni na ce sai mai mutuwa za a ba?"

Na ce, "In ta mutu fa?"

Ya ce, "Ba ta mutuwa. Ina lura. In ta yi ƙasa da yawa ina sa a ƙara mata."

Ina lura! Kamar mai kiwon wuta a murhu. Ban san lokacin da na tofa miyau a gabansa ba, yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Na koma ciki na fizge zanen Rabi daga igiya na goya Habsu. Nauyinta bai kai na ƙullin yadi ba. Sale ya biyo ni har bakin hanya yana faɗa, wai in na tafi da ita na kashe sauran, wai ba ni da iko da ɗiyar wani. Na ce ya kai ni ƙara wurin maigari, in faɗi abin da ke cikin moɗa a gaban jama'a. Nan ya tsaya. Na tare ɗan kabu-kabu muka kama hanyar Tasawa, ina ta kai hannu baya ina taɓa ƙafarta don in ji ko da sauran ɗumi.

An kwantar da mu a likita, wato asibitin da mutanen porojen nan ke riƙe da shi, aka sa mata roba a hanci ana ba ta madara kaɗan-kaɗan. Kwanakin farko ko kuka ba ta yi. Ranar da ta fara ihu tana ture hannun mai allura, na yi hamdala har mutanen ɗakin suka yi mini dariya. Da aka sallame mu na kawo ta gidana. Na rufe rumfa na zauna dama kunu da dafa wake. Sannu a hankali kumatu suka fara dawowa, ta fara bin bango, wata rana na juya na tarar ta kwance mini zaren keke kaf. A raina na ce na gama da Sale, na ci nasara, ya je can ya ƙarata.

Ban san abin da na koya masa ba. Damana ta faɗi, ana tsakiyar noma, lokacin da yunwa ta fi cizo. Wata ranar kasuwa ina kan keke sai inuwa ta rufe mini haske. Sale ne, ya rame shi ma, wuyansa duk jijiya. A kafaɗarsa Ali ne, yaron nan da rigarsa ta kama shi cif. Ya sauke shi a kan tabarmar rumfata, yaron ya zauna inda aka ajiye shi, rigar Sallar tana lilo a jikinsa.

Sale ya ce, "Ga wani. Tunda ramammu kike karɓa."

Har yau ban sani ba, yunwar gidan ce ta mai da Ali haka bayan an yanke musu kayan poroje, ko kuwa moɗar nan ce ta koma kansa. Na tambayi Rabi daga baya ta rantse ba a ba shi komi ba, amma a bakin wa zan gaskata? Abin da na sani, na je gida mai cike da yara masu jin yunwa na zaɓi wadda ta fi kusa da kabari na ɗauka, sauran na bar su da sababbin riguna. Sale kuma tun yana yaro ba abin da ya iya kamar gane ƙofar da nono ke fitowa. Na dube shi, almakashi na hannuna, sai da na ajiye shi a ƙarƙashin keke don kada shaiɗan ya yi aikinsa.

Na tsaya ina tunani, shi yana tsaye yana jira. In na karɓi Ali, gobe wa zai kawo? Na ce a raina, to bari in juya abin: in dinga aika hatsi, in ce ranar da na zo da metir ɗina na awon ɗinki na ga hannun ɗaya ya ragu, hatsi ya tsaya. Sai na ga ƙarshen wannan ma. Ranar da ɗaya ya kamu da zawo na gaskiya, Sale ɓoye shi zai yi a bayan rumbu har in tafi, kada a kai shi likita in ji labari. Kowace doka na ɗauko, sai in ga fuskar yayana ta riga ni isa can tana neman kafar shiga. Muryar Iya ce ta faɗo mini, da tsakinta da komi, tana cewa cikin rijiya.

Na tashi na shiga kasuwa na sa aka auna mini hatsi da wake, aka ɗora a amalanke zuwa tasha. Na kai Ali likita aka duba shi aka ba shi magani. Sannan na ce wa Sale, "Ɗauki ɗanka ku tahi gida. Duk ranar kasuwa hatsi na zuwa. Ko sun rame, ko sun yi ƙiba, ko kun yi girbi ko ba ku yi ba, abin da zai zo ke nan, ba ƙari ba ragi. Kada ka sake kawo mini yaro a kafaɗa, ba abin da zai ƙara maka."

Ya ce, "Habsu fa?"

Na ce, "Habsu sai dai ka zo ka gan ta."

Bai yi godiya ba, ni ma ban nema ba.

Shekaru sun shuɗe yanzu. Ali ya murmure, shi ke bin ubansa gona. Habsu tana wurina, tana zuwa lakwal, wato makarantar boko, ita ce mafi gajarta a ajinsu, kuma malaminsu ya ce sai an maimaita mata abu kafin ya zauna. Rigar Sallar nan ta daɗe a ƙasan akwati kafin ta cika ta. Ba ta san komi ba game da abin da ya faru. In ubanta ya zo Tasawa da gudu take tarbarsa tana Baba, Baba, ni kuwa sai in sunkuyar da kai bisa keke in taka da ƙarfi don kada in ji.

Da ina yarinya na ɗauka Iya mugunta ce kawai ke cinta, shi ya sa ta zagi aljanar da ta zo taimako. Yanzu na gane ba ta wanke uban ba, kare ta kira shi, kuma ni ma ban wanke Sale ba. Gidaje nawa ne a ƙauyen nan suka ci anza suka kwana da yunwa ba su taɓa moɗar filasko ba? Amma ina jin haushin masu farar motar nan ma, duk da na san sun ceci yara da yawa, har da Habsu a ƙarshe. Sun zo da alheri suka rataye shi a inda uba ba ya isa gare shi sai ya taka ɗiyarsa, suka koma suna mamakin halin mutanen ƙauye. Ina jin haushin Inna da moɗarta, Allah ya jiƙanta. Ita kanta Iya ina jin haushinta, da ta san wannan duka amma ta zauna tana cin gujiya ita kaɗai. Abin da ba ta gaya mana ba shi ne, wanda ya juye nono a rijiya dole ya zuba ido yana kallon karen ma yana sha.

Hatsin nan ba daga yalwa nake fitar da shi ba. Akwai makon da ɗinki ba ya shigowa, in rage na tukunyata in cika nasu. Na san Sale yana cin rabonsa a ciki, na san wani lokaci yana kai tiya guda ta hatsin, wato mudu, wurin mai tebur ya karɓo taba da goro. Ina sane, kuma ban fasa ba, don tun daga ranar ba a sake kawo mini yaro a kafaɗa ba.

Duk ranar kasuwa in na kai buhun tasha, direban motar Baudeta yakan ɗaure shi a sama, ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya Tsahara, saƙon baki fa? A ce kina gaishe shi?"

Sai in ce, "A'a. Hatsi kawai."